Shin kwafin da kamfanin masaukin shafi ke adanawa ya wadatar?

Sabon_Hannu:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Na gina shafina na intanet da WordPress, manhajar gina shafuka, shekara 3 da suka wuce, kuma rubuce-rubucen da ke cikinsa sun haura 400, ban da hotuna. Makon jiya na sabunta wata ƙaramar manhaja, sai shafin ya koma fari fat, na kwana ban runtsa ba kafin a gyara. Kamfanin da ke ɗauke da shafin ya ce yana adana kwafi kullum. Shin wannan ya wadatar, ko akwai abin da ya kamata in yi da kaina?

Ma'ajin_Bayanai:
Wa alaikumus salam. Bai wadatar ba, Malam, domin kwafin da ke zaune wuri ɗaya da shafin, duk abin da ya ci shafin zai iya haɗawa da shi. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin bayanai na kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, kuma akwai masu shafukan da suka rasa komai saboda kwafinsu ma a can yake. Shi ya sa masu wannan aiki suke bin ƙa'idar 3-2-1, wato kwafi uku, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya kuma a wani wuri mai nisa da sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin. Manhajar UpdraftPlus tana iya tura kwafi zuwa Google Drive ko Dropbox a lokutan da ka tsara mata, sannan kai ma ka riƙa sauke guda a kwamfutarka.

Mai_Gyara:
Ina so in ƙara abu ɗaya da mutane da yawa ke mantawa. Shafin WordPress kashi biyu ne: fayiloli da rumbun bayanai. Hotuna da manhajoji suna cikin jakar wp-content, amma rubuce-rubucenka da sharhin masu karatu suna cikin rumbun MySQL, wanda ake fitarwa ta manhajar phpMyAdmin. Wanda ya kwafi fayiloli kaɗai, rubutunsa ko layi ɗaya bai tsira ba. Ka kuma kiyaye inda kake ajiye fayil ɗin saitin shafin, wato wp-config.php, domin kalmar sirrin rumbun tana ciki.

Ma'ajin_Bayanai:
Haka ne. Abin da ya fi damuna ma shi ne rashin gwaji. A watan Janairu na 2017 wani ma'aikacin GitLab, kamfanin da masu ƙirƙirar manhaja ke ajiye aikinsu a wurinsa, ya goge bayanai bisa kuskure, sai aka tarar hanyoyin ajiyar da suka dogara da su ba sa aiki yadda aka zata, har suka yi asarar bayanan kimanin sa'o'i 6. Idan hakan ta faru da ƙwararru, ya zama dole ka riƙa mayar da kwafinka a shafin gwaji lokaci zuwa lokaci, ka buɗe rubutu da hotuna ka gani da idonka.

Sabon_Hannu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To, kwafi nawa zan riƙe, tunda wurin ajiya yana da iyaka?

Mai_Gyara:
Kada ka riƙe na jiya kaɗai, domin 'yan kutse kan yi makonni a cikin shafi ba a ankara ba, ka ga ke nan sabon kwafin ma ya gurɓata. Ni ina riƙe na kullum na mako guda, da na ƙarshen kowane wata na watanni uku na baya, kuma ba na sabunta kowace manhaja sai na ɗauki sabon kwafi tukuna.