Fara ta kwali, fara ta gona: me za mu kira "realism"?

Daga wajen Ringim: Jama'a, a taya ni. Ina shirya wa 'yan sakandaren ƙauyenmu darasin adabi, fassarar kalmar "realism", wato salon adabin da ke nuna rayuwa yadda take, ta cije. Wanda ya jawo maganar shi ne William Dean Howells, Ba'amurke, haifaffen Ohayo a 1837, ya rasu 1920. Tun yana yaro yake jera haruffa a maɗaba'ar mahaifinsa, daga baya ya riƙe mujallar Atlantic Monthly daga 1871 zuwa 1881. A littafinsa na sharhi, Criticism and Fiction, 1891, ya yi ba'a da fara: wai matashin marubuci kamar masanin kimiyya ne da aka miƙa wa fara ta waya da kwali, an shafe ta da fenti, an ce ita zai kwaikwaya, alhali ga ta gaske can cikin ciyawa. Jiya ina kallon ƙanwata tana fige fiffiken fara a ƙwarya za ta soya, abin ya faɗo mini, har na yi dariya. Ni dai "adabin gaskiya" na rubuta.

Daga Gumel: Malam, ban yarda ba. Ƙagaggen labari ne fa. Silas Lapham ɗin da ke cikin littafin labarinsa na 1885, attajirin fentin da ya gwammace karyewar jari da cin haram, ba a taɓa haihuwarsa ba. Ka ce gaskiya, yara su ɗauka tarihi ne. Sauran marubutan kuma maƙaryata ke nan?

Daga Ɗambatta: To a ce haƙiƙanci.

Daga Gumel: Haba ƙanina. Faɗi wannan a zauren 'yan ɗariƙa ka ga inda hira za ta nufa. Larabawa waƙi'iyya suke cewa, amma a nan kowa Suratul Waƙi'a zai tuna. Ni zahiri nake gani. Ko tsohuwa a gindin murhu tana cewa "ba mafarki ba ne, a zahiri na gani."

Daga wajen Ringim: Yaya, na karɓa, amma ban da zahiranci, kada a haɗa mu da mazhabar Zahiriyya ta malamin fiƙihu Ibn Hazm. Adabin zahiri ke nan, mai yin sa marubucin zahiri. Shi kansa Howells cewa ya yi a kawo abu yadda yake, ba ragi ba ƙari. Ranar Litinin zan shiga aji da fara ɗaya a kwalba.