Wane suna za mu ba DHEM da Hausa?

Malam Adamu, Yelwa, Bauchi: Malamai, ina haɗa bayani wa ɗalibai kan neman nikel mai haɗe da salfa. DHEM (downhole electromagnetics da Turanci) na nufin a zura na'ura cikin ramin da injin haƙa ya huda, a auna ko akwai dutse mai ɗaukar lantarki a kusa. Na rubuta "awon maganaɗisu na cikin rami". Ya yi?

Injiniya Hauwa, Gombe: Malam, bai yi ba. Awon maganaɗisu aiki ne daban, yana auna maganaɗisun da dutse ke da shi tun asali. A nan mu ne ke tayar da shi. Ana shimfiɗa waya zobe guda mai kusurwa huɗu a doron ƙasa, kowane gefe mita 200 zuwa 1000, a saki lantarki, a yanke farat ɗaya. Yankewar ce ke haifar da lantarki mai zagaye cikin ma'adinin, ita kuma na'urar, tana tsayawa duk bayan mita 10 ko 20, tana auna yadda yake mutuwa. Dole kalmar lantarki ta fito.

Dakta Bello, Bauchi: To mu ce "awon amsar lantarki a ramin gwaji". Ramin gwaji, ba burtsatse ba, don mai karatu zai ɗauka ruwa ake nema. Amsa kuwa ita ce aikin gaba ɗaya: ramin zai iya wuce ma'adinin da mita 100, amma amsar ta nuna gefen da yake, a san inda za a sake haƙa.

Injiniya Hauwa: Na yarda, Dakta, amma a gargaɗi ɗaliban: amsa ba nikel ba ce. Firotait, ma'adinin ƙarfe da salfa, shi ne ya fi ɗaukar lantarkin, fentalandait, ma'adinin da ke ɗauke da nikel, yana tare da shi ne kawai. Girafait (baƙin ma'adinin da ke cikin fensir) da ruwan gishiri ma suna amsawa, kamar yadda ake fama a Kambalda ta Ostareliya. Salfa da ta warwatsu ɗigo-ɗigo kuwa da ƙyar take motsa na'urar. Wadda ta dunƙule sosai amsarta na daɗewa, na'ura mai naɗin waya tana iya rasa ta, sai mai auna ƙarfin maganaɗisun kai tsaye, a kuma tsawaita lokacin yankewa.

Malam Adamu: Madalla, na ɗauki "awon amsar lantarki a ramin gwaji".

Dakta Bello: Ka ƙara musu cewa bututun ƙarfen da ke cikin ramin yana toshe amsar. A zare shi, a sa na roba kafin ramin ya rufta, in ba haka ba na'urar ta maƙale a ƙasa.