Giɓin turmi: haƙorin roba, gada ko dashe?

Bakatsine:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da aka cire mini turmi ɗaya na ƙasa, bayan kogo ya cinye shi har ya hana ni barci. Da yake ba a ganin giɓin idan na yi dariya, ban damu da cike shi ba, sai ga shi yanzu haƙorin da ke bayansa ya fara karkatowa, nama kuma na yawan maƙalewa a wurin. Likita ya ba ni zaɓi uku: haƙorin roba, gada, ko dashe. Shekaruna 52, kuma ina da ciwon sukari. Wanne ya fi dacewa da ni?

Ma'aikaciyar Haƙori:
Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani ba baƙo ba ne, domin haƙora jingine suke da juna, kuma idan aka zare ɗaya sai maƙwabtansa su kwanto cikin giɓin, na sama ya zazzago ƙasa, ƙashin muƙamuƙin wurin kuma ya riƙa zaizayewa a hankali. Gada, wato sabon haƙori da ake liƙawa a jikin haƙoran gefe don ya cike giɓin, ba ta da matsala wajen tauna, amma sai an fere haƙoran da ke gefe biyu an sa musu hula kafin ta zauna, ni kuwa ba na son a fere lafiyayyen haƙori sai dole.

Dashe shi ne a kafa ƙusar ƙarfen titaniyom cikin ƙashi, a jira kamar wata uku zuwa shida ƙashin ya kama ta, sannan a ɗora haƙori a kai. Ba sabon abu ba ne, tun 1965 likita Brånemark ya fara yi wa mutum a ƙasar Suwidin. Sai dai sukarin da ba a daidaita ba yana jinkirta warkewa, yana kuma jawo kumburin dasashi, haka ma shan taba. Saboda haka a fara auna sukarinka, a ɗauki hoton muƙamuƙi a ga ko ƙashin da ya rage zai iya riƙe ƙusar.

Uwar Biyu:
Ni dai haƙorin roba nake sawa shekara huɗu, saboda shi aljihuna ya iya ɗauka. Makonnin farko na sha wahala, har magana sai da na sake koyo, amma yanzu na saba. Ina cire shi da dare in goge in jiƙa a ruwa, kuma ban taɓa yarda na zuba masa ruwan zafi ba, domin yana lanƙwasa shi. Tsire da rake kam sai da dabara.

Bakatsine:
Na gode muku ƙwarai. Wani abokina ya ce in bari sai na je Umara a sa mini haƙorin Makka a wurin.

Ma'aikaciyar Haƙori:
Wannan daban ne, Malam. Haƙorin Makka hula ce ta zinariya ko azurfa da ake lulluɓa wa haƙorin da yake nan, saboda ado, kai kuwa babu abin da za a lulluɓa a giɓinka. Ka koma da sakamakon gwajin sukarin wurin likitanka tun kafin karkatar ta ƙara rage wurin.