Neman kalma: dabbar dajin da cuta ke zama a jikinta

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum malamai. Ranar Alhamis zan naɗi shirin makiyaya, kuma ina fassara bayani kan tarin fukan shanu a jihar Michigan ta Amurka, inda aka gano cutar a jikin wata dabbar daji da maharbi ya harbo a 1994, aka same ta a garken shanu a 1998, har jihar ta rasa matsayinta na wadda ba ta da cutar a 2000. Kalmomi biyu ne suka tsaya mini: sunan dabbar, wato "deer", da kuma "reservoir", wato dabbobin da cutar ke zaune a jikinsu, tana komawa kan shanu ko da an yanka garken da ya kamu.

Likitan dabbobi: Wa alaikumus salam. Ina ganin "maɓoyar cuta" ta dace da ta biyun. Dabbobin sukan shiga inda aka jibge ciyawa ko mashayar shanu, su bar yawu da majina, shanu su zo su ci a kai, alhali yawancinsu ba a ganin alamar ciwo a jikinsu. Abincin da mafarauta ke zuba musu yana tara su baki da baki, shi ya sa hukuma ta hana yin hakan a yankin.

Malamar Hausa: "Matattarar cuta" ta fi kusa da asalin ma'anar, amma maɓoya ta fi nuna haɗarin, don haka ina bayan Likita. Dabbar kuwa, barewa aka saba cewa.

Dattijo: Barewa kuskure ce, Malama. Ƙahon barewa ba ya rassa kuma ba ya zuba, wannan kuwa namijinta ƙahonsa yana rassa, yana zubar da shi kowace shekara ya fitar da sabo. Na daɗe ina kiranta "rassau", kuma abin takaici ne a ce harshe mai girman Hausa yana rataya wa baƙuwar dabba sunan da ba nata ba.

Malamar Hausa: Ranka ya daɗe, wannan ɗafin "-au" da ka liƙa a ƙarshen kalmar a jikin aikatau yake zama, kamar mantau daga manta da makarau daga makara, shi kuwa reshe suna ne. Ban da haka, makiyayin da ke saurare a ruga ba zai san me ake nufi ba.

Dattijo: Da kalmar daga wata jami'a ta fito, da an karɓe ta ba gardama. Su waye suka raɗa wa jirgin sama suna, in ba mutanen gari ba?

Likitan dabbobi: Baba yana da gaskiya ta fuska ɗaya, kuma ta dame ni. In aka ce barewa kawai, makiyayanmu za su ɗauka barewar dajinmu ake zargi, ga ta kuma ta riga ta yi ƙaranci. Dole a bambanta.

Mai shirin rediyo: Na gode ƙwarai. Zan ce "maɓoyar cuta", sannan "barewar Amurka mai ƙaho da rassa" a farkon shiri, daga nan in taƙaita.

Dattijo: Maɓoya na yarda da ita. Barewar Amurka kuwa ban gamsu ba, domin dangin dabbar suna nan a Turai da Asiya, amma tunda Alhamis ta matso, a yi hakan a wannan karon.