Roka mai wutar nukiliya irin ta cikin rana zuwa Mars: muhawara a zauren tsofaffin ɗalibai na Jos

Auwalu Rikkos: Wallahi abin nan yana min ciwo, mu nan har yau faɗan taransifoma muke a unguwa, mutane can suna ƙoƙarin haɗa ƙaramar rana su ɗora wa roka. Disamba 2022 a Kalifoniya suka harba leza mai ƙarfin megajul (ma'aunin makamashi) 2.05 don haɗa ƙwayoyin haidurojin, suka samu megajul 3.15. In injin roka irin wannan ya tabbata, tafiyar Mars da ta ci wa motar binciken Amurka Perseverance kusan wata 7 za ta ragu sosai, don abin da yake fesowa ta baya ya fi hayaƙin man roka gudu nesa ba kusa ba. Ina matasanmu suke?

Malam Tanko: Auwalu gyara bakinka. Ɗan Adam ba ya haɗa rana, halittar Allah ce.

Auwalu Rikkos: Allah ya gafarta Malam, aikin da ke faruwa a cikinta nake nufi, ƙwayoyin haidurojin su haɗu su zama hiliyam zafi ya fito.

Malam Tanko: To ka faɗi haka, yara suna karantawa.

Injiniya Sabo: Ai ko rana ma ba a kira ta daidai ba, cikin rana digiri miliyan 15 ne, injinan nan sai sun haura miliyan 100. Kuma wutar da ta kunna lezar ta ninka abin da aka samu sau da yawa, ITER, babban injin gwajin haɗa ƙwayoyi da ke Faransa, ma har yanzu gini ake yi.

Hajiya Rabi: Wato ya fi rana zafi? Injiniya ji tsoron Allah.

Injiniya Sabo: Hajiya ilimi ne, mu a Zariya tun 2004 muna da riyakto, wato injin nukiliya, na bincike.

Ɗan Gangare: An fara ke nan, kullum Zariya Zariya, sai ka ce Unijos ba jami'a ba ce. Kuma naku fasa ƙwaya yake, ba haɗawa ba.

Injiniya Sabo: Kai da ka karanta akanta me ya kai ka nan?

Ɗan Gangare: Ni nake riƙe kuɗin zaure, ka biya na wata uku tukuna.

Auwalu Rikkos: Don Allah maganar roka fa nake yi.

Shugaban zaure: Na rufe. Abin da aka cimma shi ne Malam ya yi gaskiya, kalmar rana ba ta dace ba, Auwalu ya janye ta. Masu bashin zaure su ga ma'aji kafin Juma'a.