Yaro mai in'ina ya koma gidan jiya, ya zan yi?

Salam jama'a, don Allah ina neman shawara. Ina koyarwa a wata sakandare a Tudun Wada, zangon da ya wuce muka gayyato wani bawan Allah makaho da ya karanta aikin lauya a jami'ar ABU da ke Kongo a Zariya, ya ba yara labarin yadda ya rubuta JAMB, wallahi har da masu hawaye. To akwai ɗalibina ɗan SS2 mai in'ina, ranar har hannu ya ɗaga ya yi tambaya, abin da bai taɓa yi ba, amma yanzu ko sunansa na kira sai ya sunkuyar da kai. Babansa wai iska ce, ni dai ban yarda ba. In sake kiran baƙon ne, ko akwai masu gyaran magana a asibitin Shika?