Neman kalma: wanda ake jin muryarsa ba a ganin fuskarsa

Mai Shirin Matasa: Salamu alaikum malamai. Ranar Asabar zan gabatar da shiri a rediyo kan sana'ar voice acting, wato yin wasa da murya kawai, da rubutun barkwanci, ga shi Alhamis ta yi ban samu sunan da zan kira mai sana'ar ba. A taimaka.

Ɗan Fagge: Ɗan fassara mana. Kowa a Kano ya san fassarar Algaita.

Mai Shirin Matasa: Wannan na finafinan Indiya ne. Mai yin muryar zane mai motsi ko tallar rediyo fa? Ba abin da ya fassara.

Hajiya Malama: Mai kwaikwayon murya.

Ɗan Fagge: Hajiya, da na ji haka sai na tuna masu kwaikwayon muryar 'yan siyasa a TikTok. Ai Mel Blanc, Ba'amurken da ya yi muryar Bugs Bunny, zomon nan na zane mai motsi, ba wani zomo ya kwaikwaya ba, ƙirƙirar muryar ya yi.

Baba Nahawu: Duk kun bar hanya. Daga Hausa aka samu Hausantar, daga baƙo aka samu baƙunta. To murya ta ba mu muryanta, mai yi kuma mamuryanci. Tun 2015 nake koya wa ɗalibaina ita.

Hajiya Malama: Allah ya gafarta malam, mamuryanci kamar sunan ciwon maƙogwaro. Wa zai furta ta a rediyo bai sarƙe ba?

Baba Nahawu: Kun haɗiye "jarumi" ga wanda ko kaza bai taɓa yankawa ba, don kawai ya fito a fim, amma mamuryanci ce ta tsaya muku a wuya?

Ɗan Damagaram: Mu nan dublaj ake cewa, kowa ya gane.

Baba Nahawu: Mu gudu daga Ingila mu faɗa Faransa kenan.

Ɗan Damagaram: Baba, ku da kuke cewa "rikodin" da "situdiyo" ba ku da bakin yi mana gori. Kullum abin da Kano ta faɗa shi ne Hausa, namu kuwa karin harshe.

Ɗan Fagge: Ba mu muka ce ba, kasuwa ce ta ce.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo: Ku yi haƙuri in sa baki. A ɗakin ɗaukar sauti ba wanda ke neman sabuwar kalma, "zo ka ɗora murya" muke cewa. Su marigayi Samanja sun yi wasa a rediyon Kaduna, 'yan wasa aka kira su, ba a ga fuska ba kuma ba wanda ya ruɗe. Ki ce ɗan wasan murya, aikin kuma ɗora murya.

Mai Shirin Matasa: Na gode Baba, wannan ta zauna a bakina. Saura marubucin barkwanci, ko in ce marubucin camama?

Hajiya Malama: Kul! Camama suna ce ta raini da aka laƙaba wa finafinan su marigayi Ibro. Baƙonki zai tashi ya bar miki makirfo. Barkwanci dai, ko raha.

Baba Nahawu: Ɗan wasan murya kalma uku ce, tawa ɗaya. Amma ki yi amfani da ita zuwa Asabar, tunda kin ƙagu. Ki dai ambaci mamuryanci ko sau ɗaya, mu ji abin da masu sauraro za su ce.

Mai Shirin Matasa: In lokaci ya ragu, Baba.